Gawo Mai Ganye Cikin Damina

Ni ɗan fari ne. A ƙasarmu, can arewa da Maradi, wannan kaɗai ya isa bayani: uwata ba ta kiran sunana. Ba ta zama kusa da ni, ba ta yaba mini, ba ta kallona ido cikin ido. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, a can na girma, ina hangen Inna tana yi wa ƙannena wasa da kirari, ni kuwa da na shigo sai ta tuna tana da aiki a bayan ɗaki. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya san haka, ni ma na sani. Amma ina yaro na sha jin zafin abin. In tana da magana da ni sai ta ba wani saƙo, ko da kuwa ina tsaye a gabanta. "A gaya ma wancan tuwo na hucewa." Ni ne wancan.

Sana'ata zana karkara. Ina ɗaure yadi mai kauri a kan katako, in shafa masa fari, in zana gonaki da fenti, abin da muke ce wa tablo a nan Yamai. Rumfata tana Zongo, tsakanin wani tela Bazabarme da mai sayar da kayan gyaran moto, wato babur. Rumbuna, rijiya da guga, shanu a bakin tabki, amalanke a kan hanyar yashi, su ne abincina tun ina saurayi har ga shi furfura ta cinye mini gemu. Masu saye kuwa yawanci ma'aikatan biro ne, wato ofis, da alhazan Maradi da Damagaram da Tawa waɗanda suka daɗe a birni. Mutum ya gudo daga ƙauye da ƙafarsa, ya gina gidan siminti, sai kuma kewa ta kama shi, ya zo ya ce in zana masa ƙauyen ya rataye a salon, wato falo, sama da talabijin. Ba na yi musu dariya sosai, don ni ma ciwonmu ɗaya.

Ba na zane daga ka. In damina ta sauka nakan hau moto in fita bayan gari, in sami gefen gonar wani in zauna ina kallo har mai gonar ya fara zargin ko hatsinsa nake ƙyashi. Kore kuwa a Gamkalley na koye shi, cikin lambunan bakin kogi. A can na gane koren salati daban, na zogale daban, na albasa daban, kuma kowanne yana sauyawa tsakanin hantsi da la'asar. Da wannan yawon na yi wa kaina doka guda wadda ba na sayarwa: ba na yi wa lokaci ƙarya. Ba za ka ga rumbu cike da sabon hatsi a tablona ba alhali ana shuka a gefe. Ba za ka kuma ga gawo da ganye cikin damina ba.

Wanda bai san gawo ba sai in gaya masa. Duk itatuwan daji da damina suke ado, shi kaɗai ne da ruwa ya sauka yake zubar da ganyensa, ya tsaya fari fat, rassa da ƙaya kawai. Sai an yi girbi, ƙasa ta bushe, sannan ya yi kore shar. Shi ya sa manoma ke barinsa a tsakiyar gona, ba ya tare wa hatsi rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Wani Alhaji ya taɓa tsayawa a gaban wani tablona ya ce komai ya yi, sai dai itacen nan kamar matacce, in sa masa ganye. Na ce, "Alhaji, in kana son ganye sai in cire hatsin, in mayar da shi rani." Ya ce shi duka biyun yake so, ai a ɗakinsa za a rataye. Na ce to ya je wurin masu buga hoto da inji, su ba ruwansu. Ya ja babbar rigarsa ya tafi. Telan ya yi dariya har ya karya allura, ya ce wata rana zuciyata ce za ta kwana da ni da yunwa. Matata ma ra'ayinta ke nan.

Ƴan shekaru bayan rasuwar mahaifinmu, ƙanena ya kawo Inna Yamai saboda idonta. Mun kai ta gidan likita. Likitan ya daɗe yana haska mata fitila, sannan ya ja ni gefe. Ya ce ciwon ya jima yana cin idon daga gefe-gefe, abin da ya tafi ba ya dawowa. Maganin ɗigawa zai rage wa sauran gudu, amma ba zai tsayar da shi ba. Ya ce yanzu haka tana gani ne kamar mai leƙe ta hudar ƙofa, kuma hudar za ta yi ta tsukewa. A bar ta nan kusa saboda awo, kada a sake wahalar da ita a doguwar hanya. Dama tafiyar da ta yi a bis sai da ta kwantar da ita, ƙafafunta suka kumbura.

Haka Inna ta zauna a gidana na Boukoki. Wanda ya san Boukoki ya san bango a jikin bango ne, in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu. Tsakar gidanmu ba ta da itace ko ɗaya, sai ƴar rumfar kwano a ƙofar ɗakinta. A nan take shimfiɗa tabarma ta zauna tana fuskantar bango, tasbaha a hannu. Matata ke ɗiga mata magani, ita ke kai mata fura, ita kuma ke karɓar saƙo. Saƙon kullum iri ɗaya ne: "Ki ce mishi a maishe ni gida." Ni kuwa ba abin da ke cin raina sai abu ɗaya, kada idon nan ya rufe ya zamana abin da ya gani na ƙarshe bangon simintin Boukoki ne.

Na yi dabara. Wata safiya na ɗauki taksi na kai su Gamkalley, ita da matata, don ta ga kore. Masu lambu suna ta ce mata fofo, gaisuwar Zabarmawa, tana amsawa da Hausa, kowa ya gamsu. Ta durƙusa da ƙyar ta ɗebi ƙasa ta murza ta shinshina. Na tsaya daga nesa ina jin daɗin kaina. Sai ta miƙe ta kakkaɓe hannu ta ce wa matata, "Ƙasa mai kyau. Amma wagga ba gona ba ta, kayan miya na." Muka dawo gida.

Bayan ƴan kwanaki, da la'asar, ina bakin pampo ina wanke panso, wato burushin da nake shafa fenti da shi, matata ta zo ta tsaya a kaina. Ita haihuwar Yamai ce, mahaifinta ma'aikacin gwamnati ne daga Damagaram, kuma in za ta tsokane ni Mushe take ce mini, wato yallaɓai a bakin ƴan boko, kamar malamin lekol, makarantarsu.

"Mushe, Inna ta ba ni saƙo."

"Na sani. A mayar da ita gida."

"A'a. Cewa ta yi, tunda mutumin nan aikinsa ke nan, yana yi wa alhazai ƙauyensu, ya yi mata gamanarta."

Gamana ita ce ƴar gonar da miji ke yankar wa matarsa, ta noma abin kanta bayan an tashi daga gandun gida. Na san ta Inna, tana gabas da gari, bayan tudu. Amma ba wannan ya sa na bar ruwa yana zuba ba. Tun da na fara sana'ar nan Inna ba ta taɓa nuna ta san abin da nake yi ba. Ban ma san ta san ina zana wa alhazai ba. Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa hannuna.

Matata ta ci gaba, "Ta ce lokacin maimai, hatsi ya kai gwiwa. Da gawon nan na tsakiya, da ganyensa, da inuwarsa."

"Wannan kuma ke kika ƙara gishiri."

"Wallahi haka ta ce."

"Ke da kika tashi a kan gudro, kwaltar birni, ina kika san gawo? Inna ta yi noma a ƙarƙashinsa tun ba a haife ki ba. Ba za ta ce ganye da damina ba."

"To, Mushe. Ni dai na isar."

Lokacin damina ta yi nisa kaɗan, daidai maimai, wato noma na biyu. Ban ɓata lokaci ba. Na rufe rumfa na bar wa tela makulli, na shiga bis zuwa Maradi, daga nan motar kasuwa, daga nan amalanke. Matar ƙanena ce ke noma gamanar yanzu. Gawon yana nan inda na san shi, ya ƙara kauri, tsirara kamar kowace damina. Na yi kwanaki ina zuwa da safe in zauna. Na zana tudun da ke baya, da hanyar rijiya, da kawunan rumbunan gari da ake hangowa daga nesa. Na lura da wani reshe na ƙasa da ya karkata gabas, wanda mace mai matsakaicin tsawo za ta iya kamawa in ta ɗaga hannu. Da zan taho na ɗebo ƙasar wurin a leda, domin jan ƙasarmu babu shi cikin kowane gwangwanin fenti. Na tankaɗe ta na kwaɓa da fentin.

Ba yabon kai ba, ban taɓa yin tablo kamar wannan ba. Na bi gawon reshe-reshe da mafi ƙanƙantar pansona, har ƙayoyin sai da na fitar. Hatsin kuwa kamar ka hura ya motsa. Da ya bushe na naɗe shi cikin tsohon zanen gado, na ɗaure a bayan moto na kawo gida. Da hantsi, lokacin da idonta ya fi gani, matata ta jingina shi a kan kujera ƙarƙashin rumfa. Ni na koma bakin ƙofar gida na tsaya, yadda ya kamata.

Inna ta matso har numfashinta yana taɓa fentin. Tunda kaɗan-kaɗan take gani, sai ta fara daga kusurwa guda tana tafiya da kanta a hankali. Tana magana ƙasa-ƙasa. "Ga tudun nan. Ga hanyar rijiya. Rumbun gidan maƙera ke nan." Ta sa yatsa a kan jar ƙasar ta ce, "Ƙasarmu ta." Ni ina tsaye kamar yaro ranar jarrabawa. Sai ta iso kan gawon. Ta bi shi daga gindi zuwa sama, ta sauko, ta tsaya a kan reshen da ya karkata. Ta daɗe a nan.

"Shi na," ta ce. "Haka yake."

Ta lallaba ta koma tabarmarta, ta juya fuska ga bango.

"Ki ce mishi an gode. Shi kai ma alhazai."

Jini ya hau mini ka. Na manta da kunya, na manta da saƙo, na yi mata magana kai tsaye. "Inna, gawo ba ya ganye da damina. Ke kika fi ni sani."

Ba ta waiwayo ba. Ta ce wa matata, "Ki ce mishi na sani."

Na mayar da tablon Zongo na kifa fuskarsa a bango. Telan da ya ji labari ya ce, "Kai, uwarka ce fa. Sa mata ganye mana, fenti ne kawai." Na ce masa ya kula da ɗinkinsa. A ganina, in na sa ganye ba gamanarta ba ce kuma, wani wuri ne da babu shi a duniya. Kuma ina jin kamar raini ne, irin yadda ake lallashin tsohon da ya fara ruɗewa, a ce masa e, Baba, haka ne. Ban so in yi wa Inna haka ba. Ban da wannan kuma, in faɗi gaskiya, na ji ciwo. Sau ɗaya ta nemi abu daga hannuna, na kawo mata mafi kyawun abin da na iya, ta ce a kai wa alhazai.

Damina ta wuce muna haka. Ina gaishe ta da safe, tana amsawa ta bakin matata. Amma na fara ganin abubuwa. Ta miƙa hannu ɗaukar kofi ta kama iska a gefensa. Ta yi tuntuɓe da buta wadda take tsakiyar hanya ƙiri-ƙiri. Da muka koma awo, likitan ya rufe mata idon dama ya ɗaga yatsunsa a gaban na hagu, ba ta ga ko ɗaya ba. Ya ce wannan ya tafi. Na daman ma saura kaɗan. Muka hau taksi muka dawo gida.

Wata rana aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a Zongo tun da safe, zafi ya hana kowa aiki, sai na dawo gida bayan azahar. Na kafa moto a zaure, na zauna a nan ina gyaran wani katakon tablo da ya saki. Inna da matata suna ƙarƙashin rumfa suna tsinke zogale, bango ne kawai tsakaninmu. Inna ta san ƙarar motona, ta fi kowa sanin lokacin da na shigo. Mace ce mai magana ƙasa-ƙasa, amma ranar sai na ji ta ɗaga murya kaɗan.

"Ke ɗiyar nan, kin san shekarar da aka ba ni gamanar nan ina da goyo?"

"Ban sani ba, Inna."

"Wani yaro na. A gida ba ni iya ɗaukar shi in yi mishi wasa. Idanu sun yi yawa, ga uwar miji, ga matan gida. Nono ma sai an ce in ba shi, in ba shi ina kallon wani wuri. Amma gamana babu kowa. In an tashi daga gandu, rana ta take, sai in goya shi in tahi. In share ƙaya gindin gawo tas, in kwantar da shi. Can nika kallon shi yadda nika so. In kama yatsunshi ɗaya-ɗaya. In kira sunanshi da ƙarhi, ba mai ji sai kurciya."

Na ajiye guduma a hankali don kada ta yi ƙara.

"To amma gawo ba shi da ganye. Rana ta bi tsakanin rassa ta iske shi. In kwance kallabi in rataya ga reshen nan da ya karkata, iska ta ɗauke. In ɗan taɓa noma in waiwayo, in ga ya yi ja, zuhwa ta jiƙe shi, yana kuka. Dole in goya shi mu koma gida tun ban ƙoshi da ganin shi ba. Nakan ɗaga kai in ce ma gawon, kai ko ganye kaɗan ba ka ara mini? In rani ya zo ya yi ganye, ga inuwa har ta yi yawa, ni kuma ba ni da dalilin zuwa gona. Kahin in ankara an yaye shi, an kai shi ɗakin kakarshi. Shi ke nan."

Na ji matata tana jan hanci. Inna ta ce mata ta kula, tana zuba itacen zogale cikin ganye. Sannan ta ƙara da cewa, "Na san gawo. Ba ruɗewa na yi ba. So nike in ga wurin nan da inuwa, ko sau ɗaya, kahin idon ya tahi."

Ni da furfurata na zauna a zaure ina kuka, na toshe baki da hula. Duk shekarun nan ina zaton ban taɓa samun komai daga gare ta ba sai saƙon tuwo. Da na sami kaina, na tura moton har bakin titi kafin in tayar.

Allah ya taimake ni, lokacin an gama girbi, gawo ya fara fitar da sabon ganye. Washegari na fita bayan gari na nemi wani babba na zauna a gindinsa da tsakar rana, ina duban yadda inuwarsa ke sauka. Ba baƙa ƙirin ba ce irin ta mangwaro, tana da ƴan huji-huji na haske. Amma wace kala hatsi mai tsawon gwiwa yake yi a ƙarƙashin inuwar gawo? Wannan ba wanda ya taɓa gani, ba kuma wanda zan tambaya. Na koma Gamkalley na tsuguna a wajen wani fangalin albasa da inuwa ta rufe rabinsa, na kwaɓa kore a nan take ina gwadawa, har mai lambun ya kawo mini shayi don ya ga abin ya daɗe.

Ban sake sabon yadi ba. Na juyo wancan tablon daga bango na hau kansa. Ganyen gawo ƙanana ne ƙwarai, in na bi su da ƙaramin panso yadda na saba, idon Inna ba zai kama komai ba. Don haka na ajiye panso na ɗauki wuƙa, ina ɗebo fenti ina mannawa da kauri, inda wuƙa ta kasa in sa babban yatsa. Rassan nan da na sha wahala a kansu, da ƙayoyin, duk suka shige ƙarƙashin kore. Na ji zafin rufe su, ba zan ɓoye ba. Reshen da ya karkata kaɗai na bari a fili. Na shimfiɗa inuwa mai faɗi mai duhu, ta rufe gindin itacen ta malala cikin hatsi. A tsakiyarta na bar wani ɗan wuri sumul, shararre, babu ƙaya ko ɗaya. Ban sa yaro ba. Ba ta ce a sa ba.

Telan ya leƙo ya ga abin da nake yi. Ya riƙe baki. "Lalle Alhaji zai ji labari."

"In ya zo ka gaya masa har gobe gawo ba ya ganye da damina."

"To wannan fa?"

"Wannan na Inna ne."

Fenti mai kauri ba ya saurin bushewa. Kwanakin jiran nan sun fi komai yi mini tsawo. Kullum da safe kafin in fita sai in tsaya in saci kallon yadda take neman takalminta, ina auna abin da ya rage. Da saman ya ɗan yi ƙarfi ban jira cikin ya bushe ba, na ɗauko shi a taksi, na riƙe shi a kan cinya.

Da hantsi ne, kamar wancan karon. Matata ta jingina shi a kan kujera, ni na koma bakin ƙofa. Inna ta matso, ta karkatar da kai don ta ba idon dama hanya. Wannan karon ba ta bi ta tudu ba, ba ta nemi hanyar rijiya ba. Ta lalubi tsakiya. Na ga kanta yana yawo, sama, ƙasa, gefe, kamar ta rasa wurin, sai na ce a raina na makara. Can sai kan ya tsaya cak. Ta ɗaga hannu ta ɗora tafinta a kan koren. Ta sauko da shi a hankali har kan ɗan shararren wurin nan.

"Ga inuwa," ta ce.

Ta gani. Idon ya rufe gaba ɗaya kafin wata damina ta zagayo, kuma daga baya da hannu take bin tudun fentin. Amma ranar nan da idonta ta gani, ina tsaye ina kallo.

Ta ce a sauke shi ƙasa a jingina da bangon da ta saba fuskanta. Matata ta sauke. Inna ta jawo tabarmarta da kanta, ta gyara ta daidai gefen da inuwar ta faɗi, ta zauna ta miƙe ƙafafu. Na fara tunanin in sulale in tafi Zongo. Rana ta riga ta cika tsakar gidan, tana dukana a ka inda nake tsaye.

"Ke ɗiyar nan," ta ce, "ki ce ma wancan rana ta yi yawa inda yake. Shi shigo inuwa."

Matata ba ta isar da saƙon ba. Ta dube ni kawai, ta yafa mayafinta, ta ce ta tuna gishiri ya ƙare. Ta fita ta jawo ƙofar gidan ta rufe.

Na cire takalmi na zauna a bakin tabarmar. Tun da na yi wayo ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba, ban san yadda zan ajiye jikina ba. Ba ta juyo ba, fuskarta tana wajen gawon. Sai hannunta ya taho yana lalube a kan tabarma har ya sami nawa. Ta kama yatsuna ɗaya-ɗaya, da busasshen koren da ya maƙale a ƙarƙashin farce, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Babu kowa a gidan. Sai ta kira sunana.

Na ce, "Na'am, Inna."